Alƙalin Laraba da Tukunyar Gawayi

Ni na rubuta takardar koken da ta sa aka ɗauke alƙalin nan daga kotun yankinmu. Da hannuna na rubuta ta, a kan teburin hedimasta bayan an tashi makaranta, kuma har yau idan aka miƙo mini ita ba zan iya nuna kalma ɗaya ta ƙarya a cikinta ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da ƙarya na shirga, da tuni na tuba na huta.

Malamin firamare ne ni, a wani ƙauye na bakin kogin Kwara cikin ƙasar Bagudo, inda babur ba ya shan mai sosai kafin ya kai ka iyakar Benin. Mu gida muke gani. Ma'aikacin birni kuwa, idan aka turo shi nan, sai ya fara tambayar kansa wane babba ya ɓata wa rai. Wanda yake da wani a sama ba ya zuwa, wanda ya zo kuma ƙafarsa ɗaya tana kan hanyar komawa.

Alƙalin da muke da shi a lokacin, iyalinsa suna birni. Ran Talata da yamma yake isowa, ya zauna kotu ran Laraba, kafin azahar ɗin Alhamis ya kama hanya. Shi ya sa aka sa masa Alƙalin Laraba, har mata suna tsokanar juna da shi: wadda mijinta ɗan kasuwa ne ba ya zama gida, sai a ce ai alƙali ta aura. Sauran kwanakin mako kotun a buɗe take, amma ba kowa ciki sai rajistara da awakin maƙwabta. Mutum zai taso daga wajen Kaoje ko bayan Kurgu, ya hau babur, ya hau jirgin ruwa, ya bar aikin gonarsa, ya zo a ce masa an ɗaga. Na sha wucewa in ga tsofaffi zube a gindin dogonyaron ƙofar kotu tun hantsi, kowa da takardarsa a naɗe cikin leda, raina ya ɓaci har in kasa cin abincin rana.

A cikin masu zaman gindin bishiyar nan har da Gwaggo, yayar mahaifina. A ɗakinta aka yaye ni, kuma shinkafar gonarta ce ta yi mini ƙashi. Gonar tana can ƙasan fadama, gab da kogi, gadon mahaifinsu ce. Wani Alhaji mai injunan ban ruwa ya sayi gonar da ke jikin tata. Shekarar farko har ƙasa yake gaishe ta. Shekara ta biyu ya ce rabin da ke bakin ruwa, wanda ya fi ko'ina albarka, cikin abin da ya saya yake, ga ma takarda. Da magana ta gagari mai gari, sai kotu. Kotu ta ce kada kowa ya sa fartanya a inda ake rigimar sai an yanke hukunci. Alhaji yana da gonaki wuri-wuri, ko a jikinsa. Gwaggo kuwa rumbunta ya koma rabi.

Wanda bai san fadamarmu ba zai ce ai iyakar gona ba abin wahala ba ce, a duba kunya ko shinge. Mu ba mu da wannan gatan. Sau biyu ruwa yake hawa gonakin ƙasa a shekara: na damina, sannan baƙin ruwan da ke gangarowa daga yamma lokacin sanyi, bayan sama ta daɗe da ɗaukewa. Duk abin da ka kafa, turke ne ko ciyawa, ruwa zai tafi da shi ko laka ta binne shi. Saboda haka idan kakanninmu za su raba gona, sai su haƙa rami mai zurfi a kowace kusurwa, su cika tukunya da gawayi, su rufe bakinta da kasko, su binne. Gawayi ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa. Idan rigima ta tashi sai a je a tono. Amma ba a tonowa a ɓoye, don abokin rigima zai ce jiya ka binne ta. Dole mai hukunci ya tsaya a kai, ya ga ƙasar da ta daɗe ba a taɓa ba. Kuma ƙasar ba ta tonuwa sai a 'yan makonnin bazara, bayan baƙin ruwa ya janye, kafin ruwan shuka ya sauka.

Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san inda tukunyar kusurwar bakin ruwa take. Wani tsohon basarke ne, masunci, wanda shi ya haƙa ramin da hannunsa lokacin da aka yanka wa kakana gonar. Ba da taki yake aunawa ba, da ido yake. Akwai wani tsagaggen dutse a tsallaken kogi, akwai kuma giginyu jere a bakin gaɓa. Yakan ce idan ka tsaya inda wata giginya ta rufe maka tsagar dutsen, ka juya kuma ka ga tsamiyar mashigi ta yi daidai da wata giginyar, to tukunya tana ƙarƙashin ƙafarka. Giginyun sun fi ashirin, kuma a idonmu duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Shi kaɗai ya san wacce da wacce.

Shari'ar tana cikin shekara ta biyu na shiga wata ƙungiya. Ƙarama ce, wata lauya 'yar jiharmu ta kafa ta, Barista muke ce mata. Mace ce mai zuciya, ta bar aikin da ya fi wannan maiƙo saboda ta gaji da ganin ana naɗa alƙalai da sanayya, a jefa su inda aka ga dama, ba mai waiwayar ko suna zama ko ba sa zama. Abin da take nema ba wani abin mamaki ba ne: a naɗa wanda ya cancanta, ya zauna kotu kwanakin da aka ɗauke shi ya zauna, talaka ya ga ƙarshen shari'arsa da ransa. Ta raba mana littattafai, ta ce duk wanda ya samu hali ya riƙa zama a bencin baya yana rubuta ƙarfe nawa alƙali ya shigo, shari'a nawa ya saurara, nawa ya ɗaga. Hannu biyu na sa na karɓi littafin nan. Da ma ni ba na iya ganin abu a karkace in yi shiru, hedimasta sarkin ƙorafi yake kirana. Na roƙe shi ya sauya mini darussan Laraba, ya sauya, don ya huta da ni ko na yini ɗaya ne.

Ina bencin baya da littafina ranar da tsohon basarken ya ba da shaida. Ya yi bayanin tukunya da dutse da giginyu, yana yi yana tari. Alhaji ya yi 'yar dariya, ya ce, "Allah shi gafarta Malam, yanzu a zamanin takarda da tukunya za a yi shari'a?"

Alƙali ya dube shi ta saman tabarau. "Alhaji, ni ɗan manomi ne. Na san tukunyar." Sannan ya juya wajen tsohon. "Baba, idanunka suna gani?"

"Suna gani, Allah shi gafarta Malam, sai dai sun fara yi mani rowa. Na dama ya yi yana. In za a tahi, a tahi bana."

"To, na gama jin kowa," in ji alƙali. "Da zarar baƙin ruwa ya janye zan je da ƙafata, a tona a gabana. Abin da ƙasa ta nuna shi zan rubuta."

Littafin yana nan har yau a akwatina. Ga abin da na rubuta a shafin ranar: ya shigo sha ɗaya da kwata, ya ɗaga shari'ar gona zuwa bazara. Iyakarsa ke nan. Mutum ya yi magana mafi amfani da aka taɓa yi a kotun nan, ni kuwa na jefa ta cikin jerin waɗanda aka ɗaga, har da jan layi a ƙarƙashi don haushi.

Da damina ta ƙare Barista ta zo ta tattara littattafai. Masu tallafa wa ƙungiya suna son ganin abin da aka cim ma kafin shekara ta fita, kuma littafina ya fi na kowa cika. Ta ce in rubuta koke zuwa ga manyan da ke naɗa alƙalai a birni, a nemi a sauya mana shi da wanda zai zauna. Na rubuta, na zuba duk Turancin da na tara tun daga kwalejin horon malamai. Sannan na ɗauki tawada na bi masu zaman gindin dogonyaro gida-gida suna dangwala yatsa. Ba wanda ya yi mini gardama, kowa cike yake.

Gidan Gwaggo na bari ƙarshe, don ina ganin nata a aljihu yake. Na same ta da hantsi tana sheƙe shinkafa a tsakar gida. Na durƙusa na gaishe ta, na buɗe tawada.

"Malan," haka take kirana idan za ta yi mini ba'a, "mi wagga takarda ka cewa?"

Na ce tana cewa a kawo mana alƙalin da zai zauna mako cikakke.

"Shi wanga hwa?"

"A ɗauke shi, Gwaggo."

Ta ajiye faifai. "Ku bari ruwa shi janye tukuna. Ku bar shi shi taka gonar nan da ƙafatai, shi ga tukunya. Bayan nan ku kai shi inda duk kunka ga dama."

Sai na hau yi mata lacca, ni ɗan boko. Na ce ba ita kaɗai ke da shari'a ba, mutane nawa ke shan rana saboda mutum ɗaya. Na ce sabon da za a kawo ai zai fi sauri, kafin ta ankara an gama. Ta bar ni na kai aya, sannan ta ce, "Kai kwana kaka ƙirga, ni ruwa nika ƙirga. Kuma tsohon ga idonai na tahiya, ka sani." Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da aiki. Ta ƙi dangwalawa.

Na fito ina huci. A raina cewa nake yi, irin wannan tsoron ne ya sa aka daɗe ana taka mu. Allah ya yafe mini, har kalmar jahilci sai da ta gilma mini a zuciya game da matar da ta goye ni. Abin da ban yi ba shi ne in tambayi ko mutum ɗaya, me ke faruwa da shari'ar da aka fara idan aka ɗauke alƙali? Ni a makaranta na saba. Idan aka yi wa malami canji, wanda ya gaje shi sai ya buɗe littafi ya ci gaba daga shafin da aka tsaya. Na ɗauka ko'ina haka ne, fayil ai ba ƙafa gare shi ba.

Takarda ta tafi, aka yi watanni shiru, har muka ɗauka an naɗe ƙosai da ita. Baƙin ruwa ya zo, ya kwanta a fadama, ya janye. Ƙasa ta bushe ta tsattsage. Alƙali ya sa Laraba mai zuwa za a je gona. Aka gaya wa tsohon basarke, aka nemi masu haƙa, Gwaggo ta daka gero don furar da za ta kai musu.

Ran Litinin da safe na tsaya wajen mai shayi, sai ga rajistaran kotu. Ya miƙo mini hannu yana murmushin da ban gane ba.

"Malam, barka da arziki. Kun ci nasara. Takardar canji ta iso, an ce alƙali ya tashi nan take."

Daɗi ya fara kama ni, sai kuma na tuna da Gwaggo. "To Laraba fa? Zuwa gona?"

"Wace Laraba? Daga ranar da takarda ta fito ba shi da hurumi a kotun nan."

"Ai sabon sai ya je. Fayil na nan, an gama jin shaidu."

Ya kurɓi shayinsa, ya dube ni irin kallon da nake yi wa ɗalibin da bai yi aikin gida ba. "Malam, alƙali ba ya hukunci da kunnen wani. Duk shari'ar da ba a yanke ba, daga farko za a faro ta. Sabon sammaci, sabuwar rantsuwa."

"Yaushe sabon zai zo?"

"Wannan kam ba a rubuta ba."

Na tambaye shi ina aka kai alƙalin. Ya faɗi sunan wata kotu da ba ta kai tafiyar minti ashirin daga gidansa na birni ba. Wato horon da aka yi wa mutumin da ba ya son zama da mu shi ne a mayar da shi kusa da tuwon matarsa. Sa hannu ɗaya ya isa a ɗauke shi cikin yini guda, kwana biyu kafin ya taka gonar da aka shekara biyu ana jira ya taka, amma ba a samu hannun da zai rubuta sunan magajinsa ba. Wanda ya sa hannun bai tambayi shari'a nawa ke tsaka ba. Bai san akwai wani abu wai shi baƙin ruwa ba, kuma ba a ɗauke shi aiki don ya sani ba. An dame shi da takarda, ya kawar da takarda daga teburinsa, ya tafi sallah.

Daga nan na wuce gidan Gwaggo. Labari ya riga ni. Ta dama furar tana rarraba wa maƙwabta kada ta lalace. Na tsaya ina jiran faɗa, ina ma roƙon ta yi, ta zage ni tas in samu sauƙi. Ta miƙo mini kwano ta ce, "Sha, Malan, rana ta yi."

Bayan makonni kaɗan aka kira mu taron bita a wani otal a birni. Ɗaki mai sanyi, ruwan gora a gaban kowa. Aka haska shafin littafina a majigi, rubutuna ɓaro-ɓaro a bango, a matsayin misalin yadda talakawa ke iya sa a gyara kotu. Aka ce in miƙe a gan ni. Na miƙe, aka tafa, ni kuma na yi murmushi har da ɗan rusunawa. Shafin da aka haska ɗin shi ne na ranar da tsoho ya ce in za a tafi a tafi bana. Na san haka ina tsaye, ban buɗe baki ba. Wannan tafin har yau idan na tuna shi kunya ce ke rufe ni.

Sai da aka fito cin abinci na ja Barista gefe na gaya mata komai. Ta dafe kai. Ita ta san ƙa'idar faro shari'a daga farko, lauya ce. Abin da ba ta sani ba shi ne akwai gonar da ba ta tonuwa sai sau ɗaya a shekara, da tsohon da idonsa ke tafiya, domin littafina bai faɗa mata ba.

"Malam, me ya sa ba ka gaya mini ba tun kafin mu aika?"

Ba ta tsaya zargi ba, ko dare ba ta bari ya yi ba, kafin la'asar ta rubuta takarda tana roƙon a ba tsohon alƙalin izini ya dawo ya ƙarasa wannan shari'a ɗaya. Ana yin haka, ta ce, idan manya sun ga dama. Ba su ga dama ba. Ba su ma ce a'a ba, shiru suka yi. Ta sake rubutawa. Muka je da kanmu muka zauna a benci a baranda, masinja ya ce oga ya tafi taro, muka koma wani makon ya ce ana kan dubawa. Ana cikin dubawa hadari ya haɗu a gabas, ruwan shuka ya sauka, fadama ta koma laka.

Kujerar nan fiye da shekara ta yi babu kowa a kanta. Wata bazarar ta zo ta wuce a banza. Masu dangwala mini yatsa suka daina zaman gindin dogonyaro, domin yanzu ko Larabar ma babu. Wasu idan sun gan ni a kasuwa sai su ce, "Malam, ina alƙalin namu na mako cikakke?" Ina dariyar yaƙe in wuce.

Akwai abin da ya fi wannan zafi. A bazarar farko, da alƙali ya tafi, tsohon yana gani da ido ɗaya. Da na kama hannunsa mun je bakin gona, ba sai mun shiga inda aka hana ba, ya nuna mini giginyun nan biyu in shafa musu fenti ko in ɗauke su a waya, da an wuce wurin. Waya tana aljihuna. Amma ni lokacin ina can ina rubuta wasiƙu, ina neman kalmar da za ta girgiza manya. Sai da na ga ana jan sa da sanda zuwa masallaci tunanin ya zo mini. Muka kai shi asibiti, suka ce ba yana kaɗai ba ce, jijiyar ta riga ta mutu.

Sabon alƙali ya iso tsakiyar damina. Matashi ne, mai natsuwa. Ƙarfe tara yake shiga kotu, Litinin zuwa Juma'a, ba ya karɓar ko goro. Shi ne dai mutumin da muka roƙa a takarda, da a ce ina cika littafi a lokacinsa, da ba inda zan ja layi. Ya faro shari'ar Gwaggo daga farko, ya ji shaidu cikin makonni kaɗan, sannan ya zauna jiran ruwa kamar kowa. Da bazara ta yi ya sa rana, kuma ya cika alkawari.

Ni na riƙe wa tsohon sanda ranar. Tun hantsi rana ta buɗe, ƙasa ta tsattsage har ƙafa tana faɗawa. Alƙali yana gaba da rajistara, Alhaji yana ƙarƙashin lema, Gwaggo tana can gefe da ƙwaryar fura. Muka tsaya bakin gaɓa, tsoho ya ɗaga fuska wajen kogi.

"Malam, kana ganin dutsen?"

"Ina gani, Baba."

"Wace giginya ta rufe tsagar? Mai karkata ta, wadda ka kallon gabas."

Na duba, na sake dubawa. "Baba, masu karkata uku ne."

Tsoho ya tuɓe takalmansa, ya fara taka ƙasa a hankali da tafin ƙafa, yana sa ni ina juya shi dama da hagu. Can ya tsaya ya ce a tona nan. Aka tona har ƙugu, babu komai sai baƙar laka. Ya matsa, ya ce nan. Aka tona, babu. Masu haƙa suka jiƙe da gumi. Alhaji ya ce, "Allah shi gafarta Malam, gonar duka za a mayar rijiyoyi?" Alƙali bai kula shi ba, ya ba da izinin rami na uku, alhali ba dole ba ne a kansa. Na ukun ma wayam.

Tsoho ya zauna daɓas a ƙasa, ya ɗebi laka a hannu. "Wallahi tana nan. Da hannuna nis sa ta. Da bara waccan anka zo, da ko tsayawa ba ni yi."

Alƙali ya durƙusa kusa da shi. "Baba, ban ɗauke ka maƙaryaci ba. Amma abin da na gani shi zan rubuta."

Abin da ya gani ramuka uku ne da takardar cinikin Alhaji. Bayan mako biyu ya ba Alhaji rabin bakin ruwa. Ban ga laifin alƙalin ba, kuma rashin wanda zan ɗora wa laifin a wurin ya ƙara mini takaici. Tsohon basarke bai ga wani baƙin ruwan ba, da sanyin shekarar ya rasu.

Ban bar ƙungiya ba. Har gobe ina kan bakana cewa kotun da ke zama yini ɗaya a mako zalunci ce, kuma naɗin sanayya ne ke haifar da ita. Amma yanzu abin da muke bugun teburi a kansa ya ƙaru: kada a ɗauke alƙali sai an rubuta sunan magajinsa, kuma wanda aka ɗauke ya ƙarasa shari'un da ya gama jin shaidunsu. Barista ta sa an ƙara fili a littafin bencin baya, inda za a rubuta dalilin ɗagawa da abin da mai ƙara zai rasa idan aka jinkirta. Duk wanda ya shigo sabo ni nake koya masa cika wannan filin, kuma ina da zafi a kai, har suna cewa na cika tsanani. Manyan birni dai har yanzu suna kan dubawa.

Bazarar da ta biyo bayan hukunci, Alhaji ya kawo tarakta. Ina tsaye a barandar makaranta lokacin hutun tara, sai na hango Gwaggo tana shigowa ta ƙofa. Tunda nake aiki ba ta taɓa taka makarantar nan ba. Ta tsufa a shekarun nan, tafiyarta ta ragu. Na sauko da sauri na durƙusa. Ba ta amsa gaisuwar da tsawo ba, ta kwance bakin mayafinta. Ɓallin tsohuwar tukunya ne, mai kauri, da gawayi guda huɗu ko biyar da laka a jikinsu.

"Garmar motar ta hwasa ta jiya," ta ce. "Taki shidda daga rami na biyu, wajen ruwa. Inda nic ce gonata ta kai."

Na kai hannu na taɓa gawayin, na fara zuba: za mu ɗauki hoto, zan kira Barista yanzu, za mu ɗaukaka ƙara. Ina faɗa ina jin ƙaryar da ke ciki. Wa'adin ɗaukaka ƙara ya daɗe da wucewa, kuma tukunyar da tarakta ta tono ba alƙali a tsaye a kanta, kasko ce kawai a idon kotu. Duk da haka na ce, "Kawo, Gwaggo, in adana."

Ta janye hannunta, ta mayar da bakin mayafin ta ƙulle.

"Ba kawo maka niy yi ba, Malan. Gwada maka niy yi, don ka san tana nan."

Ta juya ta fita yadda ta shigo. Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka ruga aji. Ni kuwa ina tsaye ina kallon babban yatsana, ya yi baƙi da gawayi, irin baƙin da ta ƙi yarda in shafa wa nata.